Tafin Hannu a Bangon Danau Kota

An yi wani mutum a Kuala Lumpur, ya shiga jirgin ƙasan cikin gari, LRT, da rana tsaka ɗauke da bokitin fenti, buroshi, turaren wuta da makullin kwaɗo. Unguwar Danau Kota za shi, ya shafe bango.

Gida ne da shi a can, a saman bene. Ya yayyanka shi da katako, ya cusa ɗalibai 'yan ƙasarmu, ya ja wayar wuta daga soket guda zuwa kowane lungu. Ga kamfanin inshora kuwa cewa ya yi shi da iyalinsa ne a ciki. Ya sa kwaɗo a ƙyauren ƙarfe na baya don kada yaran su shigo da baƙi. Makullin yana aljihunsa.

Akwai Ubaidullah, ɗalibin da ya samu ɗakin ƙurya, marar taga. Ya sha cewa, "Alhaji, wayar nan tana ƙauri." Amsar ita ce, "Boleh lah, ba komai, ba abin da zai faru."

Wuta ta tashi. Na gaba suka fita. Ubaidullah ya nufi baya, inda kwaɗo yake. Bai fito ba.

Mutumin ya cire katakon kafin masu bincike su zo, ya ce yaron baƙo ne. Inshora ta biya shi. Ya gyara, ya yi fenti.

Da lokacin sabunta inshora ya zo, kamfani ya turo wata mata ta duba gidan. Ta tsaya gaban ƙyauren baya, ta toshe hanci. A kan farin fenti ga tafin hannu, baƙi ƙirin, daidai tsayin mutum a durƙushe.

"Tak boleh," ta ce, wato ba zai yiwu ba. Ba za su sabunta ba.

Ya sake fenti, ya kira wani kamfanin. Hannun ya fito. Na gaba da suka zo, hannaye biyu suka tarar. Banki ya ce in babu inshora zai karɓe gidan.

Matarsa Hureira ta ce, "Baban Kausar, ba fenti ne maganinsa ba. Kira uwar yaron nan ka faɗa mata gaskiya."

"Ke me kika sani game da bango?"

Ranar da nake ba ku labari, Hureira ta riga shi isa gidan. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ba. Gidan babu kowa, amma ƙauri har waje. Ya leƙa ciki. Hannayen sun baro baya, sun biyo bango, sun kusa ƙofar gaba.

Ya shiga. Ya ja ƙyaure, ya datse kwaɗon da kansa.

"Ba zan fito ba sai sun rufu."

Sai da aka yanka ƙarfen aka fitar da shi. Gidan ya tafi. Shi kuma har yau shafar iska yake da hannu.

Ya 'yan uwa, kamfani ya ƙi lamunce masa bango. Wa zai lamunce masa ranar da hannun zai yi magana? Haƙƙin rai ba ya shan fenti. Wanda ke riƙe da makullin wani, ya buɗe yau.

Allah ya kiyaye mu da haƙƙin bayinsa, ya jiƙan Ubaidullah.