Kurege da Ramin Injin Malam Jatau

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Inna.

To ku ja baya daga wutar nan tukuna, gabana faɗuwa yake.

Wani maƙeri ne wai shi Malam Jatau, yana da injin sassaƙa ƙarfe a zauren gidansa. Injin yana da rami, bakinsa da faɗi, cikinsa na tsukewa. Akwai kuma wani ƙarfe mai siffar rogo, yana ƙyalli kamar madubi. In aka zura shi a ramin sai ya kama gam, ba ƙusa ba igiya, ko giwa ba ta zare shi. Ikon Allah! Amma tsatsa ko kamar ƙwayar gero ta hau shi, ya daina zama daidai, aiki ya lalace.

Ana tsakiyar damina Malam Jatau zai tafi suna, sai ya kira maƙwabcinsa Kurege.

Ya ce, "Maƙwabci, man inji ya ƙare, ga man gyaɗa ka riƙe da shi kwana uku. Kullum ka goge ƙarfen da tsumma, ka shafa kaɗan. Kar ka taɓa shi da hannu, gumi ma tsatsa yake kawowa. In na tarar da ja, wutsiyarka zan datse."

Kurege ya ce, "Haba Malam, kamar ba ni ba?"

Ranar farko ya tsaya gaban ƙarfen, ya ga fuskarsa har da gashin baki, ya yi salati. Sai ƙanshi ya buge shi. Ya ce, "Ɗigo ɗaya na ƙarfe, ɗigo ɗaya na Kurege."

Rana ta biyu ya ce, "Ƙarfe ai ba shi da ciki." Ya ɗaga kwalba, har mai na bin jikinsa.

Rana ta uku ba mai. Sai ya lashe na jikin ƙarfen, tas!

Gari ya waye, ga sawun harshe ja wur a jikin ƙarfe, ga sallamar Malam Jatau a ƙofa. Kurege ya duba gabas, ya duba yamma, ya faɗa ramin injin. Rami na tsukewa, cikin Kurege ya cika da mai, ya kama gam, ba ƙusa ba igiya. Wutsiya kaɗai ke reto a waje.

Malam Jatau ya ga tsatsa, ya ga wutsiya. Ya kama, ya murɗa hagu, ya murɗa dama, ya fizgo. Fut! Ya ɗaga almakashi, sai idonsa ya kai kan ramin. Cikinsa na walƙiya har ƙarshe!

Ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah! Shekara ashirin yatsana bai kai ƙarshen ramin nan ba."

Kurege na haki ya ce, "Ai aikin da nake ciki ke nan ka katse ni. Kai ƙarfe kake shafawa, ka manta ɗakin da yake kwana."

"To wannan jan fa?"

"Na jiya ne, bai yi haƙori ba. Sa mai ka murza."

Malam Jatau ya dangwalo man da ke jikin Kurege ya murza, jan ya fita. Ya ajiye almakashi, ya ce, "Wutsiyar nan ta fi ƙarfin datsewa. Kullum da safe ka zo ka shiga."

Har yau in kun ga wutsiyar Kurege buzu-buzu, murɗar Malam Jatau ce.

Ƙurunƙus kan kwalbar da ba mai. Wanda zai sha man mutane, ya tabbata yana da gashin goge rami. Ku dai ba ku da shi, don haka kar in ga kowa kusa da kwalbata.