Layin da Aka Hana Maijidda Gani

Akwai wata mata a Aujara mai suna Maijidda, a shekarun da makarantar boko ke sabon abu a ƙasar Dutse. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗa guda, Sharhabilu. Da aka ɗebi yara zuwa boko, har da shi, kuma cikin shekara biyu ya wuce kowa a ajinsu.

Wata rana likita Bature ya zo duba yara. Ya ga farin tabo a wuyan Sharhabilu, ya yi rubutu a littafin makaranta, ya tafi. Washegari babban malami, Malam Barau, ya tara yara ya ce likita ya rubuta kuturta ce. Ya kori yaron a gaban kowa.

Maijidda ta taka da ƙafa har makarantar, ta durƙusa.

"Malam, don Allah nuna mini abin da aka rubuta a kan ɗana."

Ya yi dariya. "Ke da ba ki san baƙi ba, me za ki gani?"

"Zan nemo wanda zai karanta mini."

"Littafin hukuma ba na 'yan ƙauye ba ne. Tashi."

Ku ji rashin imani: abin da ya shelanta wa yara talatin, shi ya hana uwar da ta haifa!

Labari ya riga ta isa gida. Aka ware wa Sharhabilu ƙwarya, aka hana shi zuwa rijiya, aka yi masa bukka a bayan gari. Maijidda kaɗai ke zama ta ci da shi. Sau huɗu tana komawa makarantar, sau huɗu ana korarta. A damina ta biyu zazzaɓi ya kama shi a bukkar da ke yoyo, ya rasu.

Bayan shekara aka sauya wa Malam Barau makaranta. Maijidda ta sake zuwa, ta roƙi sabon malamin, Malam Bubayero. Ya buɗe shafin, ya karanta mata:

"Kyasbi ne kawai, ba kuturta ba. Yaro lafiyayye, a tura shi babbar makaranta a Kano."

Gurbin zuwa Kanon ɗaya ne, kuma ɗan Malam Barau ne ya tafi.

Ta ce, "Malam, ɗora mini yatsa a kan layin." Ya ɗora. Ta daɗe tana shafa rubutun da ba ta iya karantawa.

Da maganar ta kai ga hukuma, ta kori Malam Barau. Har ya mutu, babu wanda ya sake sa hannu a kwano ɗaya da shi. Amma wannan bai dawo wa Maijidda da ɗanta ba.

Darasi: Abin da makaranta ta rubuta a kan yaro amana ce. Iyayensa na da haƙƙin gani, sauran mutane ba su da haƙƙin ji. Ku tura wa duk malami da iyayen da kuka sani.