Mutumin da Ya Sare Masaukin Shamuwa

Akwai wani maigida a wani ƙauye, yana da babbar tsamiya a tsakar gidansa, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba. Kowace shekara, idan zafin bazara ya kai maƙura, gajimare ya fara haɗuwa a gabas, sai shamuwa su sauka a kanta. Sheƙar bara suke komawa, su ƙara mata ƙirare da tsummoki, wani lokaci har da ɗankwalin da aka shanya a kan danga. Shamuwa ba ta iya waƙa ba, baki take kaɗawa, ƙwas-ƙwas, kamar ana haɗa ludayi da ludayi. Da rana su bi gonaki suna cin fara, da yamma su dawo gida.

Mahaifiyar mutumin nan ta tsufa, idanunta sun dushe, da kunne take sanin shekara ta juyo. Ranar da ta ji ƙarar nan, sai ta ce, "Baƙina sun iso, a fito da iri a duba." Ta sa a shimfiɗa mata tabarma a gindin tsamiya, ta wuni tana yi musu faɗa kamar jikokinta.

Wata shekara mutumin ya yi wa ɗakinsa sabon rufin kwano. Kafin damina ta fita, kashin shamuwa ya ɓata rufin kaca-kaca. Da rani ya yi, tsuntsayen suka tafi, sai ya ɗauki gatari ya sassare manyan rassan.

Tsohuwa ta ji faɗuwar itace, ta ce, "Ɗan nan, me kake sarewa?"

"Gyara nake yi, Inna. Sun lalata mini kwano."

"Kwanon ne ya tarar da su, ko su suka tarar da shi?"

Sai ya ci gaba da sara.

Da bazara ta zagayo, shamuwa suka zo, suka yi ta kewaya gidan, suka rasa inda za su sa ƙafa, suka wuce wata kuka a hayin rafi. Ruwa ya sauka, gero ya yi kyau, amma tsohuwa ba ta ƙara neman tabarma ba. Tuwo ma sai ta taɓa ta ture.

"Inna, ki fito ki sha iska mana, damina ta yi nisa."

"Ni ba wanda ya zo ya gaya mini," in ji ta.

Zuciyar mutumin ta ɓaci, gama ya ga uwarsa tana ramewa a ɗaki. Sai ya tuna yadda mahaifinsa kan ɗaura tsohon kwando a bisa itace don baƙi su sami mafari. Ya hau, ya ɗaura kwando a tsakanin rassan da suka rage, ya zuba ƙirare a ciki. A shekarar, hankaka kaɗai ya leƙa ya tafi. Kwandon ya ruɓe, ya sake wani. Tsamiya kuwa ba ta sauri wajen tohowa.

Wata safiya, bayan daminu sun shuɗe, tsohuwa ta ɗaga kai daga shimfiɗa.

"Su ne?"

"Su ne, Inna, amma biyu kawai."

"Biyu ma baƙi ne. Kai mini tabarma. Kai kuma ka koma ɗaki, kada su gane ka."

To, 'ya'yana, ga ma'anar misalin. Tsamiya ita ce gidajenmu da ikilisiyarmu. Shamuwa su ne 'yan'uwanmu masu tafiya su daɗe, sa'an nan su dawo: ɗan da birni ya riƙe, 'yar'uwar da ta daina zuwa sujada. Sukan dawo da hayaniyarsu da ɓarnarsu. Gatari kuwa shi ne maganar da mukan tare su da ita a bakin ƙofa: "A'a, yau an tuna da mu?" Sara aikin safiya ɗaya ne, tohowa aikin shekaru. Mu ma sau nawa muka ɓata gidan Ubangiji, amma bai taɓa sare reshen da muke sauka a kai ba.

Kowannenmu ya san wani wanda gurbinsa yake wofi a bencin nan. Ka je gidansa cikin makon nan, ka gaishe shi, ka ce masa wurinsa yana nan. In bai zo ba, ka sake komawa.