Kujerar Gado a Kasuwar Gwanjo

An yi wani mutum a Fumban, masassaƙi ɗan masassaƙi. Sunansa na bar masa, domin yana raye, kuma 'ya'yansa ba su yi wa kowa laifi ba.

Yana da rumfa a layin masu sana'ar hannu, yana sayar da kujeru da akusa da ganguna. Baƙi suka ragu, ciniki ya kwanta. Sai abokinsa Nsangu ya nuna masa gwanjon intanet. Ka ɗauki hoton kayanka, ka sa farashin farawa, ka yanke ranar rufewa da lokacinta. Turawa su yi ta tayawa daga ƙasashensu. Wanda tayinsa ya fi idan lokaci ya cika, shi ya saya, babu ja da baya.

Har nan babu laifi, ya 'yan uwa. Allah ya halatta ciniki.

Shafin ya nemi katin shaida da asusun banki, shi kuwa ba shi da asusu. Ƙanwarsa Pembura tana da shi. Malamar makaranta ce, kuma ita ke jinyar mahaifinsu, wanda ya makance shekara shida da suka wuce.

"Malama, ara mini katinki," in ji shi. "Kuɗin Turawa ba sa son aljihun jahili."

"Yaya, kayan gaskiya dai za ka sayar ko?"

"A'a, iska zan ɗaure musu a leda."

Ta yi dariya ta miƙa masa. Da sunanta aka buɗe shagon.

Bai daɗe ba ya gane masu tayi ba sa son sabon abu. Tsoho suke so. Sai ya koyi tsofar da kaya. Ya sassaƙa akushi yau, ya binne shi bayan madafa gara ta ɗan taɓa, ya tono shi ya rataye a hayaƙin murhu mako uku, ya goge da manja. Sannan ya rubuta cewa ya haura shekara ɗari. Amma sabon shago ne, ba wanda ya yarda da shi.

Nsangu ya ce, "Abu ɗaya na gaske kake buƙata, mutumina. In suka ga guda mai kyau, sauran ko tukunyar kanti ce za su rantse ta sarakuna ce."

Abu na gaske yana nan a gidansu. Kujera ce da kakan mahaifinsa ya sassaƙa daga gungume ɗaya, an kewaye ta da zanen gizo-gizo, zama ya sa samanta ya yi sulɓi. A gidan, sau ɗaya ake fito da ita a shekara, washegarin babbar sallah. Tsohon ya zauna a kai, jikoki su zo ɗaya bayan ɗaya ya dafa kansu. Ranar da ya rasu, a kanta za a zaunar da magajinsa. Kowa ya san magajin, mutumin nan ne, shi ne babba. Tana ɗakin ajiya, makulli yana wurin Pembura.

Ya jira ta tafi makaranta, ya ɗauki makullin inda take ratayewa, ya ɗauki hotuna. Ba sayarwa zai yi ba, haka ya gaya wa kansa. Ya buɗe wani asusu na biyu a shafin, na mai saye, da sunan Nsangu. Ya sa kujerar a gwanjo da farashi kaɗan don mutane su taru. Idan saura minti biyar a rufe, sai ya shiga da asusun na biyu ya taya sama da kowa, ya saye kayansa da kansa. Bayan makonni ya sake sa ta, ya ce wancan mai sayen bai biya ba. Mutane suka taru kuwa, suka leƙa sauran kayan, suka yi ta sayen na hayaƙi. Su ma yakan shiga ya tura farashinsu sama, ya janye ya bar bawan Allah da tsada.

Wannan shi malamai ke kira najashi: ka taya abin da ba ka nufin saye don ka ruɗi wani. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana shi. Shin don mai sayen yana bayan teku sai hanin ya faɗi? Don ba ka ganin fuskarsa sai ya zama ba ɗan Adam ba?

Daga Nuwamba zuwa Maris ya yi ciniki arba'in. Taurarin yabo suka jeru gefen sunan shagon. Ya sayi babur. Sau uku kujerar ta shiga gwanjo ba ta motsa daga ɗakin ajiya ba.

Na huɗu ya faɗo ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris. Ya sa rufewa ƙarfe huɗu na yamma bisa agogon shafin, kamar kullum, domin tun da ya fara agogon nan daidai yake tafiya da na Fumban. Ya ci tuwon masara da miyar njapshe, ya zauna gindin mangwaro da abokai ana shan kofi ana gardamar ƙwallo. Huɗu saura kwata ya ciro waya yana hamma.

An rufe.

Bai sani ba, a wannan rana ce Turawa ke tura agogonsu gaba da awa ɗaya. Huɗunsu ta zama ukunmu. Wani dillalin kayan tarihi a Beljiyam ya saye kujerar, a farashin da bai kai na tsohon babur ba.

Gumi ya karyo masa. Nsangu ya karɓi wayar ya duba ya ce, "Kai, ka shiga uku. Ce masa ta karye. Ce gobara aka yi."

Zai iya. Amma soke ciniki yana zubar da taurari, shafin kuma yana iya bincike ya gano asusu na biyu. Ya yi tunanin aika jabu. Washegari dillalin ya rubuto cikin ladabi, yana murna, yana ambaton wata 'yar tsaga a gindin kujerar da ya gani a hoto. Wannan ba wanda za a ruɗa da hayaƙi ba ne.

Ya 'yan uwa, ga ƙofa a buɗe. Me zai rasa in ya soke? Shagon da aka gina kan ƙarya. Ya ɗora taurarin a hannu ɗaya, kujerar gidansu a ɗaya, ya auna. Sai ya ce a ransa: Baba ba ya gani.

Kwana goma sha tara ya yi yana sassaƙa wata a ɓoye a bayan rumfar Nsangu. Bai taɓa yin aiki mai kyau kamarta ba. Ya ba ta hayaƙi, ya ba ta manja, har tsagar ya kwaikwaya. Ran da Pembura ta kai mahaifinsu asibiti ya musanya, ya naɗe ta gaskiyar a kwali, ya sa ta a motar Duwala.

Daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. Kowace safiya yakan durƙusa ya gaida mahaifinsa, tsohon ya lalubo kansa ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Sai ya ji kamar an ɗora masa garwashi. Sau biyu ya buɗe baki zai faɗa. Sau biyu ya ɓige da tambayar yadda ciwon ƙafar tsohon ya kwana.

Sallah ta zo. Washegari dangi suka cika tsakar gida, aka fito da kujera, aka kamo hannun tsohon aka zaunar da shi. Ya gyara zama. Ya sake gyarawa. Sai ya miƙe.

"Wannan ba kujerar gidan nan ba ce."

Baffa Ndam, ƙanen tsohon, ya ce, "Yaya, ita ce mana, ga ta muna gani."

"Ku kuna gani. Ni shekara talatin nake zama a kanta."

Kafin la'asar wani ɗan Baffa da ke karatu a Yawunde ya binciko hotonta a intanet. An sayar. Ga sunan mai shago a rubuce: Pembura.

Baffa ya ce, "Makulli a hannunki, suna naki. Abin da bokon ya koya miki ke nan, ki sayar da kakanninki?"

Pembura ba ta yi kuka ba. Ta miƙe tsaye ta ce, "Baffa, katina na ara wa Yaya. Ga shi nan zaune, yana da baki."

Ido ya koma kansa. Ya dubi dangi, ya dubi mahaifinsa da ke tsaye. Ya ce, "Wallahi tallahi ban san komai a kai ba."

Aka yarda da shi. Ai shi ne babba, shi ne na sahun gaba a masallaci. Ita kuwa yarinya ce mai yawan Faransanci da ɗaga kai. Aka karɓe makullin, aka ce ta tattara ta koma ɗakin da makaranta ta ba ta, matar Baffa ta karɓi jinya.

Abin da ta sha, Allah ne shaida. Matan kasuwa suna nuna ta da leɓe. Wasu iyaye suka je wurin shugaban makaranta suka ce ba sa son ɓarauniya ta koyar da 'ya'yansu. Ba ta sake hanya ba. Ta tsakiyar kasuwa take bi da littattafanta, ɗankwali a ɗaure tsaf, wanda ya kalle ta ta kalle shi. Kowace safiya ta dama kunu ta kawo ƙofar gida, ta tsaya a taga ta ce, "Baba, ina kwana?" Ba a amsawa. Gobe ta dawo. Ta haɗu da yayanta sau ɗaya a ƙofar. Ba ta zage shi ba. Cewa ta yi, "Yaya, ka rame." Ya kasa ɗaga ido.

Ya rubuta wa dillalin yana roƙo a mayar masa. Dillalin ya amsa cewa ya riga ya sa ta a wani gwanjon, in yana so ya taya kamar kowa. Ya sayar da babur, ya sayar da 'yar gonar kofinsa, ya zauna da waya a rumfa da rana tsaka. Ya taya. Nan take wani ya hau kansa da kaɗan. Ya ƙara. Aka sake hawa. Ya san irin wannan hannun, ko dai na gaske ne ko ba na gaske ba, ba shi da bakin ƙorafi. Kuɗinsa suka ƙare farashi yana ta tafiya. Ya zauna yana kallon kujerar gidansu ta wuce hannun wanda ko sunansa ba a rubuta ba.

Shi kuwa tsohon ya sa an ajiye jabun kusa da gadonsa. Kullum yana ta shafa ta. Rana ta talatin da bakwai bayan sallah ya ce a tara masa dangi, a kira Pembura. Ya sa aka kifa kujerar, ya zura yatsunsa cikin gindinta, inda ba a gogewa.

"Ndam, kawo hannunka. Ji saran gizagon nan. Daga ina ya faɗo?"

Baffa ya shafa ya ce, "Daga hagu."

"Saran bahago ne. Bahago ɗaya na koya wa sassaƙa a duniya. Na sha bugun hannun nan yana yaro, bai canja ba."

Babban ɗan nasa ya zube ƙasa. Ba wanda ya taɓa shi.

Tsohon ya juya yana laluben iska. "Ina 'yata? Pembura, ki yafe mini."

Ta kama hannunsa ta ce, "Baba, zauna, ƙafarka." Sannan ta waiwaya. "Baffa, a tsakar gidan nan kuka kira ni ɓarauniya. A nan za ku janye, da ƙarfi, yadda na taga za su ji." Baffa ya janye, da ƙarfi.

Sauran ya zo da sauri. Masu sayen kayan hayaƙi suka fara kai ƙara, shafin ya rufe shagon. Masu sana'ar layin suka taru suka ce ya ɓata musu suna, ya kwashe kayansa. Mahaifinsa bai tsine masa ba. In ya zo gaisuwa, sai tsohon ya juya fuska bango, shi ke nan. Wata huɗu ana haka, ya rasu. Aka naɗa wani ƙanensu magaji, a kan tabarma aka zaunar da shi. Mutumin yana can bayan taro a tsaye.

Yanzu yana Fumbot yana loda kwandunan tumatir a mota. Ya je wurin Pembura ya durƙusa mata, shi da yake yayanta. Ta ce, "Tashi, Yaya. Nawa na yafe tuntuni. Na Baba kuwa ba a hannuna yake ba."

Ya 'yan uwa, ina ya fara faɗuwa? Ba ranar da agogo ya saɓa masa ba. Ya faɗi ne ranar da ya ɗauka cewa wanda ba ya ganinka ba shi da haƙƙi a kanka. Ya fara da baƙo na nesa, ya zo kan uba makaho, ya ƙare da rantsuwa da sunan Wanda ke ganin komai. Zunubi ɗaya ne, girma kawai ya yi ta yi.

Ku ma da kuka taru kuka yanke wa yarinya hukunci don ta yi karatu kuma ba ta sunkuyar da kai, ku binciki kanku. Za a tambaye ku.

Ƙofar tuba a buɗe take, ba mai rufe ta. Amma tuba daga haƙƙin mutane sai an mayar musu da haƙƙinsu ko sun yafe. Mutumin nan ya tambayi liman yadda zai yi, liman ya ce ya nemo waɗanda ya cuta. Ina zai gan su? Mutum arba'in ne a ƙasashen da bai taɓa takawa ba, laƙabinsu kawai ya sani, shafin da ya haɗa su kuma ya rufe masa ƙofa. Na arba'in da ɗaya yana kabari. Duk za su hallara rana ɗaya, kowa da fuskarsa da sunansa.

Allah ya tsarkake mana cinikinmu, na fili da na waya. Allah kada ya bar mu mu rantse da sunansa a kan ƙarya. Allah ya sa iyayenmu su bar duniya suna masu yarda da mu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.