Zaurukan da Suka Juya Gabas

An yi wani sarki, a zamanin da aka fara rubuta sunayen yara a makaranta, wanda ya hukunta cewa duk gidan da iyakar gundumomi biyu ta ratsa, inda zaurensa ya fuskanta can 'ya'yansa za su yi karatu. Ana nan sai hakimin Kwari ya kawo ƙarar wani magini, Tanimu, wai ya toshe zaurensa na yamma ya buɗe sabo ta gabas, don a karɓi 'yarsa Hansatu a makarantar Tsauni. Ya nemi a kori yarinyar, uban kuma a yi masa bulala.

Sarki ya aiki Waziri Lawwali, mutumin da ko gaishe shi aka yi sai ya auna abin da ake nema da gaisuwar.

Da isarsa gidan, Waziri ya dangwala yatsa a bangon sabon zauren, ya ji ƙasa ɗanya.

"Malam Tanimu, yaushe aka yi ginin nan?"

"Ranka ya daɗe, tun kakana."

"Allah ya jiƙansa. Ashe da ruwa mai albarka ya kwaɓa, har yau bai bushe ba."

Tanimu ya sunkuyar da kai. Amma Waziri, da yake zarginsa bai tsallake mai ƙara ba, ya bi iyakar da ƙafa, ya tarar gida goma sha ɗaya duk sun yi haka. Sai ya zagaya don ganin abin da suka juya wa baya.

Da ya komo fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, magini ya yi ƙarya, kuma bai iya ta ba. Na kuma leƙa makarantar Kwari. Na iske ɗalibai bakwai, duk masu ƙafa huɗu, suna tuƙa, har da bunsuru. Rufin ba ya hana kowa kallon sama, malamin kuwa ana sa ran isowarsa tun bara. Abu guda ya shige mini duhu, ban ga 'ya'yan hakimi ba."

Sarki ya dubi hakimi.

"Suna Tsauni, ranka ya daɗe. Ziyarar kawunsu suka je."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku ke nan."

Sarki ya hukunta Hansatu ta zauna inda take, mutanen iyaka su zaɓi makarantar da suka ga dama, 'ya'yan hakimi kuwa su dawo daga ziyara su zauna a Kwari har a yi rufi. Ya yafa wa Waziri alkyabba, ya ce, "Kafin mai mulki ya hukunta wanda ya gudu, adalci ne ya fara duba abin da ya kore shi."