Dagacin da Ya Haye Ya Bar Mutanensa

An ce a garin Tudun Marke, can bakin wani babban kogi, an yi wani dagaci Kirista mai suna Habila. Ranar naɗinsa ya tsaya gaban ikilisiya ya ɗaga hannu ya ce, "Ubangiji ne shaidata, ba zan taɓa barin mutanen nan cikin wahala ba."

Shekara ba ta zagayo ba kogi ya ɓalle ya shigo gari da hantsi. Kwalekwale ɗaya ne a garin. Habila ya zuba iyalinsa ciki ya haye da niyyar dawowa, amma da ya waiwaya ya ga ƙarfin ruwan sai tsoro ya hana shi komawa. Jama'a suka tsira a tudun majami'a, sai wani tsoho gurgu, Baba Nuhu, shi ruwa ya tafi da shi.

Da ruwa ya janye Habila ya dawo, amma ya kasa fita daga zaure. Ya zauna, ya miƙe, ya kai ya kawo. Abinci ya ƙi ciyuwa, addu'a ta ƙi fitowa. Rana ta tara ya ɗaure kaya zai bar garin, sai ga goggonsa Rifkatu, tsohuwar ungozoma, tana dogara sanda.

Ta ce, "Ina zuwa, ɗana?"

Ya ce, "Inda ba a san ni ba, Goggo. Na yi wa Ubangiji ƙarya a gaban kowa. Ya gama da ni."

Ta ce, "Zauna. Ba ka iya zama? To yi ta zagayenka, kunnenka nake so. Ga labarin kakanka Siman, wanda muka ɓoye muku."

Ta gyara zama ta ce:

"Kakanka mai bishara ne a ƙauyen Kurmin Gawo, masu bi bakwai kacal gare shi. Wata bazara sankarau ya shigo, cikin mako guda ya binne uku. Tsoro ya kama shi, ya tasa mahaifiyata gaba, ina goye a bayanta, muka gudu birni. Shekara goma sha ɗaya yana ɗinki, mun sauya gida sau shida, ko'ina ya ce bai yi masa ba. In ya ji ƙararrawar majami'a sai ya rufe ƙofa.

"Wata rana ya je sayen hatsi wata kasuwa kusa da ƙauyen, ƙafarsa ta ja shi har cikin ƙauyen. Kango yake zaton zai tarar, sai ya tarar da majami'a cike, ana waƙa. A ƙofa ya haɗu da Laraba, matar da ya bari kwance rai a hannun Allah. Ya zube ƙasa ya ce, 'Laraba, na bar ku kuna mutuwa.'

"Ta ce, 'Ka bar mu, Malam, kuma na daɗe ina jin haushinka. Amma tashi ka ji abin da ya faru da mahaifina Bawa bayan tafiyarka.'

"Laraba ta ce, 'Ka san shi mashayin burkutu ne. Da ya ba da gaskiya, gaban jama'a ya fasa ƙwaryar shansa. Ranar gayyar farko ta damina aka tsince shi kwance a hanya, ya yi tatul. Kunya ta kore shi, ya koma bukkar gona, ya ce Allah ya yar da shi. Kullum mahaifiyata Kande sai ta kai masa tuwo, ya karɓa bai dube ta ba. Ran nan ya daka mata tsawa: Ke ba kya gajiya ne? Ta ce: Na gaji tuntuni, Maigida. Kullum sai in ce gobe ba zan zo ba, amma da na durƙusa addu'ar safe sai in ji a raina ana cewa tashi ki kai masa. Baba ya riƙe kwanon ya ce: Ashe har yanzu Allah yana aiko mini? Ran nan ya biyo ta gida.'

"Sai Laraba ta dubi kakanka ta ce, 'Kai ne ka gudu, Malam. Yesun da ka kawo mana sunansa bai bar mu ba, kai ma bai bar ka ba. Wa kake zaton ya hana ka sukuni duk shekarun nan?' Kakanka ya nemi gafararsu, ya zauna yana yi musu hidima har ƙarshen ransa."

Goggo Rifkatu ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "To kai, kwana tara ke nan ka kasa zama. Wanda aka gama da shi barcinsa yake sha."

Habila ya tsaya cak. Can ya ce, "Amma Baba Nuhu ya mutu, Goggo."

Ta ce, "Ya mutu, kuma da laifinka a ciki. Amincin Ubangiji ba ya mayar da abin kamar ba a yi ba. Sai dai ba zai bar ka da shi kai kaɗai ba. Asabe, matar marigayin, tana can tana tayar da katanga."

Habila ya share fuska ya ce, "Na ji, Goggo. Na karɓa."

Ya fita, mutane na binsa da ido har ƙofar Asabe. Ya durƙusa cikin laka ya ce, "Inna, ni na bar Baba. Ki gafarta mini."

Tsohuwar ta dube shi, hawaye na zuba. Ta ce, "Gafarar ba ta zo mini ba tukuna, ina dai roƙon Allah ya ba ni ita. Kafin ta zo, tashi ka miƙo mini tubalin can."

Ya tashi ya miƙa mata.