Cinikin da Gafiya Ta Yi a Bayan Suri

"Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina."

"Ta zo mu zauna mu ji ta."

An yi wata Gafiya mai rowa da ke zaune a cikin kwari, gab da bakin kogi, ita da 'ya'yanta biyar. Saboda su ne ake ce mata Uwar Biyar. Mijinta ya daɗe da rasuwa, amma ya bar mata rumbu cike da gyaɗa a ƙuryar rami.

Kowace damina kogin yana ƙara matsowa. Bara ruwa har ɗaki ya shiga, ya kai mata wuya. Ta san in ba ta koma kan tudu ba kafin ruwan bana, da wuya ta fita da yaran nan duka.

Ƙasar tudun kuwa marmara ce, faratan gafiya ba sa huda ta. Mai iya haƙa ta a dajin nan ɗaya ne, wato Dabgi, ma'aikaci marar yawan magana.

To, a dajin akwai al'ada. Duk mai son ƙulla ciniki sai ya je gindin tsamiya, gaban tsoho Kunkuru, dillalin kasuwa. A faɗi aikin da za a yi, a yanke lada, a sa rana. Wannan ya ce ya yarda, wancan ya ce ya yarda, su ba juna hannu, shaidu biyu suna kallo. Sannan a ba Kunkuru 'yar la'adarsa.

Wata rana Gafiya ta iske Dabgi a bayan suri yana karyawa da gara.

"Sannu da hutawa, maƙwabci. Rami nake so a kan tudu, ɗaki biyu da rumbu."

Dabgi ya share baki ya ce, "To, Uwar Biyar, mu je gaban Baba Kunkuru mu yanke magana."

"Wane Kunkuru? Tsohon da kafin ya fito da kansa kasuwa ta watse? In ɗebi gyaɗata in ba shi don kawai ya zauna ya ji? Ni da kai yau muka san juna?"

"To me za ki ba ni?"

"Haba, kai dai fara! In ka gama ma daidaita. Cutarka zan yi?"

"Yaushe kike son sa?"

"Da wuri dai."

Dabgi ya sosa kunne, ya kama hanyar tudu. Ita kuwa ta juya tana murmushi, don ta riga ta yi lissafinta. In an yanke lada gaban shaidu, dole ta cika. In ba a yanke ba, ranar da ya gama me zai yi da ramin da ko kafaɗarsa ba ta zama a ciki? Abin da ta miƙa masa shi zai karɓa.

Bayan kwana uku ta bi ta gindin tsamiya, sai Kunkuru ya kira ta.

"'Yata, na ji ana haƙa a tudu, an ce naki ne. Ban ga kun zo ba."

"Baba, cikinka ne ke magana, ba bakinka ba."

"La'adar ki riƙe, na yafe. Ku dai zo ku faɗi lada da rana a ji."

"Mun riga mun gama tsakaninmu. A huta lafiya!"

Kwana goma sha biyu Dabgi yana fama da marmara, har farcensa guda ya tsage. Ranar da ya gama, Gafiya ta zo ta zagaya ɗakunan, ta ga sun yi kyau. Sai ta ajiye masa ɗan ƙoƙo na gyaɗa, rabinta duk ƙwari sun huda.

Dabgi ya dubi ƙoƙon ya ce, "Wannan na ɗanɗano ne?"

"Ladanka ke nan."

"Uwar Biyar, dubi hannuna."

"Ni na ce ka tsaga shi? Kuma me ka sa a cikin ramin nan? Ƙasa kawai ka fitar! In ba ka so, ka ɗauki raminka ka tafi da shi."

Dabgi ya juya baya. Ya bar ƙoƙon a nan ya sauka.

A hanya ya gamu da Zomo, wanda ya daɗe yana neman gida a tudu. Da Zomo ya ji labari, sai ya ja shi har gindin tsamiya. Aka yanke farashi, Dabgi ya ce ya sallama, Zomo ya ce ya saya, suka ba juna hannu gaban Kunkuru da shaidu biyu.

Washegari Gafiya ta hau tudu da tabarma a ka, sai ta tarar da Zomo yana share ƙofa.

"Kai, mai dogon kunne, me kake yi a gidana?"

"Gidanki? Baiwar Allah, jiya na saya, rana tsaka."

Ta yar da tabarma ta yi wajen Alƙali Gauraka da gudu. Aka kira Dabgi da Zomo.

Alƙali ya ce, "Ke mai ƙara, nawa kuka yanke?"

"Allah gafarta Malam, mun ce sai an gama."

"Wace rana kuka sa?"

"Na ce masa da wuri."

"Wa ya ji ku?"

Ta ce, "Gara ce kawai a wurin."

Aka juya kan Dabgi. Bai ɓoye kome ba, ya faɗi yadda aka yi daga bayan suri har zuwa ƙoƙo. Kunkuru da shaidu suka tabbatar da cinikin Zomo.

Gauraka ya dubi Gafiya ya ce, "Na san ke kika fara yi masa magana, shi ma bai musa ba. Amma zance kuka yi, ba ku ƙulla kome ba. Ba lada, ba rana, kuma da bakinki kika ce ya ɗauki raminsa. Me zan kama in ce ya cika miki? Cinikin Zomo yana da kai da ƙafa. Rami nasa ne."

"Malam, yarana fa? Hadari ya fara haɗuwa a gabas!"

"Na gani, 'yata. Ba ni da ikon ƙwace halalin wani in ba ki."

Da aka watse, ta bi Dabgi ta durƙusa a gabansa.

"Maƙwabci, na tuba. Rabin rumbuna naka ne. A'a, ɗauki duka! Mu je gaban Baba Kunkuru yanzu. Ko ɗaki ɗaya ne ka haƙa mini."

Dabgi ya sunkuyar da kai ya ce, "Da jiya kika faɗi haka. Yau da safe na ba su Barewa hannu a kan aikin rijiya, kwana ashirin, gaban shaidu. In na saki nasu, wannan alƙalin zai ɗaure ni, kuma ba wanda zai sake ba ni aiki. Ki yi haƙuri."

Gafiya ta hau tudu ita kaɗai ta shiga tonon marmara. Kwana huɗu tana yi, faratanta suka zube, ramin bai kai ya ɓoye ɗa guda ba.

Rana ta biyar, da la'asar, sama ta yi baƙi ƙirin, ruwa ya kece. Kafin ta sauko kwari kogi ya riga ya fasa gaɓa. Ta shiga ta ɗauko ɗa guda a baki, ta kai tudu, ta dawo. Ta ɗauki na biyu. A na uku ruwa ya kai mata ƙirji.

Da ta dawo karo na huɗu, ba ta ga ƙofar ba. Ruwa ne ja, shimfiɗe daga nan har can, yana tafiya da karare. Ta nutsa, ta fito, ta sake nutsawa, har ƙarfinta ya ƙare.

Ta koma tudu ta rungume ukun nan a fili, ruwa yana dukansu, tana kiran Auta da yayarsa. Ba wanda ya amsa.

Darasin wannan labari shi ne, in za ku ƙulla wata harka da mutum, ku faɗi kome a fili tun farko: mene ne aikin, nawa ne ladan, wace rana ce. Ku ji yardar juna, ku sa shaidu, in da hali ku rubuta. Wanda ya bar magana a buɗe don ya sami hanyar cutar abokin cinikinsa, ya sani ɗayan ma bai ɗauru ba. Ranar da ya nemi shari'a ta tsaya masa, ba za ta sami abin kamawa ba, kuma sau da yawa waɗanda ba su ji ba su gani ba ne ke shan wahalar.

Ƙurunƙus kan ɓera, tawa ta ƙare a nan.